Mita Ta Tashi, Amma Gaskiya Take Faɗa? Fashin Baƙi Kan Tsofaffin Na'urorin Awon Lantarki a Yamai

Duk sanda aka taso da zancen tsofaffin kayan lantarkin da ake jibgewa a kasuwanninmu, a fada ne ko a gidan rediyo, bakin mutane kan rabu biyu. Wasu su ce Turawa sun mai da mu juji. Wasu su ce ai da tsohuwar zuma ake magani, kayan da sun fi na yanzu ƙarko. A cikin tarin nan akwai wani rukuni da ba a cika tanka masa ba, wato na'urorin da masu gyara ke auna wuta da su. Idan aka tsinci irin wannan na'ura a kasuwar Katako ta Yamai, aka gyara ta har ta tashi, za a iya dogara da lambar da take nunawa? Kuma ina ruwan wanda bai taɓa riƙe ƙarfen like ba?

Da ruwansa. Mai gyaran wayarka, da wanda ya haɗa maka sola, da wanda ya duba firjin mai ɗakinka, duk da irin wannan na'ura suka yanke hukuncin da ka biya kuɗi a kansa.

Waɗanne na'urori ake nufi?

Wadda kowa ya sani ita ce miltimita, da akan gajarta a ce mita: ɗan akwati mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wanda ke auna ƙarfin wuta da volt, yawan gudunta da amfiya, da kuma ko hanya a buɗe take ko ta tsinke. Sai osiloskof, wanda ke zana siffar wuta a kan gilashi, ka ga yadda take hawa da sauka kamar yadda na'urar asibiti ke zana bugun zuciya. Akwai akwatin da ke ba da wuta daidai gwargwadon da ka saita, akwai mai ƙirƙiro sigina don gwada rediyo da amsa-kuwwa, akwai mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ba sai an yanke ta ba.

Sunayen da ake gani a jikin tsofaffin su ne Fluke da Tektronix da Hewlett-Packard na Amurka, sai Metrix da Chauvin Arnoux na Faransa, waɗanda suka fi yawa a nan saboda tarihinmu. Hewlett-Packard ya ware sashensa na kayan awo a 1999 da sunan Agilent, daga baya a 2014 sashen ya koma Keysight. Ke nan duk na'urar awon da ka ga tambarin Hewlett-Packard a jikinta, ta haura shekara ashirin da biyar a duniya.

Ta ina suke zuwa, kuma me ya sa aka yar da su?

Hanya biyu ce. Ta farko kwantena, cikin kayan da muke kira 'yan Kwatano, ko da yake tun da iyakar Gaya da ƙasar Benin ta rufe a 2023 kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso. Ta biyu kuwa, wadda mutane ke mantawa, daga cikin gida take: ofisoshi, makarantun koyon sana'a, kamfanonin sadarwa, da ayyukan raya ƙasa da suka tattara suka tafi. Na'ura ta yi shekaru a sito, ranar da aka zo share siton a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk abin da aka yar matacce ne. A Turai kuɗin awa guda na ma'aikacin gyara na iya zarce darajar tsohuwar na'urar, sai a ga sauya ta ya fi sauƙi. Wani lokaci kamfanin da ya ƙera ta ne ya daina yin kayan gyaranta. A nan gida kuma sau da yawa wanda ya iya aiki da ita ne aka yi wa canjin wurin aiki, ko littafinta ya ɓata, ko wayoyin awonta suka tsinke ba a samu wasu ba. Na taɓa ganin mitar da aka yanke wa hukuncin kisa alhali duk ciwonta batir ne da ya yi tsami ya ci ƙarfen da yake zaune a kai.

Abin da ke kashe su a ƙasarmu

Zafi ne kan gaba. A cikin kusan kowace na'ura akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kwandansa, masu adana wuta suna tace ta. Irin da aka fi amfani da shi yana da ruwan sinadari a ciki, kuma ruwan yana bushewa a hankali. Masu ƙera su suna da ƙa'idar da suke bi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar kwandansa da rabi. Ɗauki wanda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85. Idan cikin akwatin bai wuce digiri 45 ba, zai kai awa 32,000. Idan ya kai 65, sai ya tsaya a awa 8,000, abin da bai cika shekara guda na aiki dare da rana ba. To a Yamai ko Tawa a watan Afrilu da Mayu, inda inuwa kanta kan haura digiri 40, rumfar kwano kuma ta ƙara nata, sai mai karatu ya ƙiyasta abin da ke faruwa a cikin rufaffen akwati.

Sai ƙura. Ta hunturu mai laushi tana shiga ko'ina, ta toshe fanka, ta kwanta a kan makunnai da majuyin da ake zaɓar awo da shi. Da damina ta zo ta sha danshi, sai ta zama wata 'yar hanya da wuta ke zarcewa ta kai. A talabijin wannan ba zai dami kowa ba. A mitar da aka gina don ta ji ƙanƙanin motsin wuta, ya isa ya karkatar da lamba.

Na uku kuran ɗin kansa, wato wutar lantarki. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma tsofaffin na'urorin can suna da ɗan makunni a baya da ake zaɓar 115 ko 230. Wanda bai duba ba ya soka a soket, cikin ƙiftawar ido sai hayaƙi. Ɗaukewa da dawowar wuta ma suna cin nasu rabo, musamman lokacin da Najeriya ta katse layinta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kowa ya koma gurup, wato janareta, mai wuta hawa da sauka.

Yadda gwani ke bin ciwo

Akwai wani dattijo a gefen Katako da na daɗe ina zama rumfarsa, tun yana gyaran rediyo mai kaset. Wata ranar Asabar na tarar an kawo masa osiloskof irin mai gilashi kamar tsohuwar talabijin, ƙura ta mai da shi ja. Yaronsa, don zumuɗi, har ya ɗauko igiyar wuta.

"Kai, dakata. Ka karanta bayanta?"

Yaron ya juya ta, ya goge da gefen rigarsa. "Maigida, 115 aka saita."

"To da ka soka, da yanzu gaisuwar ta'aziyya muke karɓa."

Bai kunna ta ba sai bayan kusan awa guda. Ya kwance murfin, ya sa hanci ya shinshina, don kayan da suka ƙone suna da warinsu da ba ya ɓuya ko bayan shekaru. Ya share ƙurar da burushin fenti mai laushi. Ya haska tocila yana bin katin ciki layi-layi, yana neman kwandansan da ya kumbura, ko tabon ruwan da ya tsiyaya, ko dalmar da ta tsage a gindin abu mai nauyi. Kusa da inda wuta ke shiga ya nuna mini wani ɗan kwandansa mai kalar zuma, jikinsa duk ya tsattsage. Irin na kamfanin RIFA ne, wanda masu gyara a duniya suka san shi da fashewa da hayaƙi mai wari in ya tsufa. Ya cire shi ba tare da ya gwada ba.

Da lokacin kunnawa ya yi, bai ba ta wuta kai tsaye ba. Yana da wani katako da ya kafa wa soket da ƙwan lantarki mai zare na wat 60, an haɗa su a jere, yadda wutar sai ta ratsa ƙwan kafin ta isa na'urar. Idan akwai inda waya ta haɗe a ciki, ƙwan zai haska sosai ya tsaya a haka, shi ya shanye wutar, na'urar ta tsira. Idan lafiya, zai yi ƙyas ya dushe. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta ba sa yin wannan aiki, shi ya sa dattijon ke ɓoye tsofaffin ƙwayayensa a cikin gwangwanin madara kamar wanda ya ajiye zinariya.

Ƙwan ya yi ƙyas ya dushe. Daga nan ya bi sashen da ke rarraba wa sauran sassa wuta, don a nan galibin ciwon tsofaffin na'urori yake. Inda ya kamata a samu volt 5 ya tarar da huɗu da ɗoriya, tana rawa. Kwandansa biyu ya sauya, ya sa masu jure digiri 105. Ya wanke makunnan da ruwan wanke su, yana juya kowanne sau da yawa. Sai ga koren layi ya bayyana a gilashi. A gaban irin wannan na'ura akwai ɗan ƙarfe da ke fitar da sigina don gwaji; ya taɓa shi da tsinken awo, layin ya koma hawa-hawa kamar matattakala.

Na ce, "Baba, shi ke nan an gama?"

Ya kurɓi shayinsa. "Ta farka dai, ɗana. Ba mu san ko da hankalinta ta farka ba."

Inda gizo ke saƙa

Maganar dattijon ita ce abin da masu cewa shara da masu cewa jari duk suke tsallakewa. Rediyo in ya lalace kunnenka zai gaya maka. Mita in ta karkace ba ta da alama, lambarta za ta fito tsaf, har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa. Kamar tiyar da aka bubbuge wa gindi ce: tana auna hatsi, tana cika har ta yi tozo, amma kowane awo da ɗan abin da ta rage.

Zan ba da misali da kaina. A lokacin ƙarancin wutar nan na 2023 na sayi faifan sola da batir mai volt 12, kamar yadda dubban magidanta suka yi. Bayan 'yan watanni na ga fanka na mutuwa tun tsakar dare. Na kira wani matashi ya auna, mitarsa ta nuna 12.9, ya ce batir lafiya lau, fankar ce mai ci. Na ci gaba da tatsar batirin har ya mutu murus. Daga baya muka gano ɗan batirin volt 9 da ke cikin mitarsa ne ya yi sanyi, kuma yawancin ƙananan mitoci masu araha in batirinsu ya yi sanyi sai su riƙa ƙara lamba. Da aka sa mata sabo aka gwada ta da wata, ta dawo daidai. Ba ƙarya yaron ya yi mini ba, shi ma ƙarya aka yi masa.

Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne tazarar ƙarama ce. Batirin dalma mai volt 12 in ya cika ya huta yana nuna kimanin 12.6 zuwa 12.7. In ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi, kuma daga nan ake son a daina jan sa. Rabin volt ne tsakanin cikakken batir da wanda ake kashewa. Mitar da ta kauce da kashi huɗu cikin ɗari ta shafe wannan tazara gaba ɗaya. Yanzu da sola ta shiga ko'ina, daga tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30, har zuwa faifai guda a kan rufin mai shago, yawan hukuncin da ake yankewa da mita ya ninka.

A ƙa'ida ana kai na'urar awo wurin daidaitawa, galibi sau ɗaya a shekara, a gwada ta da wata da ta fi ta inganci, wadda ita ma an gwada ta da wata, har a kai ga ma'aunin da duniya ta yarda da shi. A Nijar hukumar ANMC ce ke da alhakin sha'anin ma'aunai. Amma a faɗi gaskiya, mai rumfar da ke samun jika biyu ko uku a yini ba zai ɗauki mitarsa ya nufi wani ofis ba.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi na'urori masu tsada na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990. Lambobin saitinsu suna ajiye ne a cikin ɗan guntun ƙwaƙwalwa da batir ke riƙe da shi. A wasu, irin guntun kamfanin Dallas, batirin a binne yake cikin guntun, kuma shekara goma aka yi masa alkawari. Ranar da ya mutu, saitin ya tafi. Mai gyaran da bai sani ba kan cire batirin da kyakkyawar niyya don ya sa sabo, ya shafe abin da ya fi komai daraja a na'urar da hannunsa. Wanda ya sani yakan kwafe lambobin tukuna, ko ya riƙe guntun da wata wutar har ya gama sauyawa.

To me mai ƙaramin ƙarfi zai yi? Abin da dattijon nan ke yi ba shi da tsada. Yana da mita guda da ya fi yarda da ita, ba ya fita da ita, ba ya ba da aronta ko ga ɗan cikinsa. Yana da 'yan rezistans, wato 'yan kayan da ke rage gudun wuta, masu ingancin kashi ɗaya cikin ɗari da ya liƙa a kwali ya rubuta darajar kowanne. Sabon batirin tocila irin na alkalin yana nuna kusan volt 1.6. Duk na'urar da ya gyara sai ta bi ta kan waɗannan. In ta kauce kaɗan kuma ba ta saituwa, sai ya manna takarda a jikinta ya rubuta yawan abin da take ƙarawa ko ragewa. A ganina wannan takardar ta fi gyaran kansa daraja, kuma duk mai sayar da gyararriyar mita da ya ƙi gwada ta a gabanka tare da wata, ka bar masa kayansa.

Fizibil da igiyar jan ƙarfe

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ita ce in fizibil ya ƙone, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa fiyus, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. A mita wannan wasa da rai ne. Fizibil ɗin mita mai kyau na tangaran ne cike da yashi, an yi shi ya kashe tartsatsin wuta mai ƙarfi a cikinsa. Mutum ya manta ya bar wayoyinsa a ramin auna amfiya ya taɓa babban layi, fizibil ne kaɗai tsakaninsa da fashewa a tafin hannu. Rubutun CAT II, CAT III ko CAT IV da ke gaban mita yana faɗin inda aka yarda a kai ta: na biyu soket ɗin ɗaki, na uku akwatin rarraba wuta na gini, na huɗu inda layi ke shigowa daga waje. Da zarar an sa waya a madadin fizibil, rubutun nan ya zama ado.

Shi ma mai gyaran yana cikin haɗari. Babban kwandansan da ke bayan mashigar wuta yana riƙe kimanin volt 310, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare igiya. Gilashin tsohon osiloskof na aiki da volt dubu biyu zuwa sama da dubu goma. Shi ya sa tsofaffin hannu ke sauke wutar kwandansa ta cikin rezistans kafin su taɓa, suna aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu.

Doka me ta ce?

Masu cewa an mai da mu juji suna da hujja. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta fitar da sharar lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, ta Bamako ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta hana shigo da ita Afirka ɗungurungum. Nijar na cikin duka biyun. Amurka har yau ba ta tabbatar da ta Basel ba. Daga 1 ga Janairun 2025 an ƙara tsaurara ta Basel, yadda kowace irin sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta amince tukuna.

Ƙofar da ake bi ita ce kalmar "na hannu". Kayan da ke aiki ba shara ba ne a idon doka, kuma ba mai iya kunna kowane abu a cikin kwantena a bakin iyaka. Sai a cakuɗa mai rai da matacce. Masu cewa jari ne su ma ba su yi ƙarya ba: ɗalibin EMIG, makarantar koyon injiniya da ke Yamai, ko na Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani a Tawa da ke son osiloskof nasa na kansa, da wuya ya iya sayen sabo, kuma wanda ya tayar da matacciyar na'ura da hannunsa ya koyi abin da allo ba ya koyarwa. Matsayina shi ne a bambanta. Na'urar awo guda da aka tayar tana ciyar da rumfa shekaru. Wannan ba zai zama hujjar shigo da tarin matattun talabijin a bayanta ba.

Waɗanda ba su tashi ba

Ba kowace ke farkawa ba. In taransifo na musamman ya ƙone, ko guntun da kamfanin ya ƙera wa kansa ya mutu, ko gilashin ya fashe, magana ta ƙare. Dattijon nan yakan kwashe abin da zai yi amfani, makunnai da soket da rezistans masu inganci, ya rarraba a gwangwanayen tumatir. Akwatin alminiyam ya tafi wurin masu zuba tukwane a cikin Katako, jan ƙarfe a sayar a kan kilo.

Abin da ya rage shi ne wanda ba mai saye. Gilashin tsohon osiloskof yana da dalma a jikinsa. Fitilun bayan fuskar na'urorin da suka biyo baya suna da zaiba. Tsofaffin batura masu caji suna da sinadarin kadmiyam, wasu manyan kwandansa na kafin 1980 kuma suna da mai mai guba. Wayoyi kuwa yara ke tarawa su cinna musu wuta don su fitar da jan ƙarfen, suna tsaye a kan baƙin hayaƙin. A bayan rumfar dattijon akwai gilasai huɗu da ya jingine da bango, ya kifa musu tsohon buhu. Ya hana yaransa fasa su, ya hana a kai su bola. Na tambaye shi ina za a kai su, ya ce tun bara yake tambaya.